Faifan da Bai Koɗe Ba

Neil Ogden ya zaro faifan daga kwalinsa, ya tallafe shi ta gefe da tafukan hannu biyu, ya karkata shi wajen hasken taga. Baƙi wuluk, sai ƙyalli yake yi. Ya juya ɗaya fuskar. Ita ma ko karce ɗaya babu.

Yana tsaye ne a ɗan ɗakin katako da ke bayan gidan Gavin Sugden, abokinsa tun firamare, wanda za a yi jana'izarsa da ƙarfe biyu na ranar. Shekara ashirin da shida ke nan su takwas suna haɗuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata a kulob ɗin ma'aikata na unguwa, suna musu a kan abu ɗaya: wane faifan kiɗan rok ne ya fi kowanne a Birtaniya a shekarun casa'in. Suna da ƙa'ida. Idan ɗayansu ya mutu, a ɗauko faifan da ya fi so, nasa na kansa, a sa fuskar farko a wurin zaman makoki, kowa ya kama bakinsa har ta ƙare. An yi wa mutum biyu haka. Yau Neil aka aiko.

Na Gavin ba sai an tambaya ba. Faifan mawaƙan Harker Street ne, samarin garin Bradford, wanda suke kira Mai Hayaƙi saboda hoton bututun masaƙa da ke kwalinsa. Gavin kan bugi tebur ya ce ba ya karyawa sai ya saurare shi. Abokin hamayyar faifan shi ne Mai Laima, faifan wasu 'yan Landan masu sanyin murya, wanda Gavin ya raɗa wa suna "kukan 'yan gata da yayyafi ya taɓa".

To amma faifan da allurar garmaho ta bi kullum har shekara talatin ba ya ƙyalli. Toka-toka yake komawa.

Lorraine, matar Gavin, ta leƙo da kofin shayi, baƙar rigarta ba ta gama ɓalla maɓallanta ba.

"Ka same shi?"

"Lorraine, wa ya shigo nan tun ranar da abin ya faru?"

"Ni dai ko shara bai taɓa bari na yi masa a nan ba, ka san halin mutuminka. Sai Adrian, ranar Talata. Ya ce in ba shi mabuɗi, yana so ya yi sallama da abokinsa."

"Shi kaɗai?"

"Da wa kake so ya zo, da 'yan sanda? Ya yi kamar rabin awa, ya fita da jaka a hannu."

"Da ita ya shigo?"

"Neil, yau zan raka mijina, ban zauna ƙirga jakunkunan mutane ba. Sha shayinka." Ta dubi kwalin da ke hannunsa. "Wannan ne? Ni ban san hotonsa ba, ta bango nake ji ina wanke-wanke. Amma da na ji zan gane. Shi kaɗai nake jira yau, ka sani. Sauran duk surutun fasto ne."

Neil ya mayar da faifan, ya sa a jakarsa.

A cikin bas ɗin da ke gangarawa Halifax ya zauna a baya, shi da ya saba zama a kujerar direba. Adrian Firth sayar da tsofaffin fayafai ce sana'arsa, rumfa gare shi a kasuwa mai rufi. Kowa ya san a wancan zamanin ba a buga Mai Hayaƙi da yawa ba, bugun farko yanzu ya kai fam ɗari uku. Bara aka sake buga sabo, fam ashirin da biyar. Cire wannan, sa wancan a tsohon kwali, aikin minti ɗaya ne. Kuma Adrian ne kaɗai a cikinsu yake kare Mai Laima, shekara da shekaru Gavin na yi masa tsiya a gaban jama'a, shi kuwa sai murmushi. Da can Neil haƙuri yake kiran murmushin nan. Yanzu ya fara neman wani sunan.

Waya ta yi ƙara. Wayne ne, ɗaya daga cikinsu, mai babbar murya, wanda tun rasuwar Gavin ya naɗa kansa sarkin yaƙin Mai Hayaƙi.

"Ka ɗauko, direba? Yau 'yan Landan za su sha kashi a gaban gawa!"

Maganar ta zo wa Neil har bakin leɓe. Ya san in ya faɗa wa Wayne, kafin la'asar duk garin ya ji cewa Adrian ya yi wa mamaci sata, kuma babu wanda zai ƙara tsayawa a rumfarsa.

"Na ɗauko," ya ce, ya kashe.

Ya tarar da Adrian cikin baƙar kwat, yana cin fanken nama a tsaye, ya ranƙwafa don kada romo ya ɗiga masa a riga.

"A'a, direba! Kwat ɗin nan ba ita ce ta aurenka ba? Ta ƙi girma tare da kai."

Neil ya ajiye faifan a kan akwatin fayafai. "Zaro shi."

Adrian ya goge hannu sosai, ya zaro.

"Me ka gani?"

"Mai Hayaƙi. Tsaf-tsaf."

"Tsaf-tsaf. Faifan da ake sawa kullum tun muna da gashi a ka. Me ka je yi ɗakin Gavin ranar Talata?"

Adrian ya daina tauna. "Faɗi abin da ke bakinka, Neil."

"Ina jakar da ka fito da ita?"

"Au, ɓarawo ka zo kamawa? A ranar jana'izarsa?"

"Ban ce ba."

"Ka ce mana, da ƙafafunka ka ce, tun daga can unguwa har nan." Ya jawo fitilar tebur, ya kara faifan a ƙarƙashinta. "Sa tabaranka, tsoho. Dubi nan, kusa da takardar tsakiya, inda waƙa ta ƙare. Me ka gani?"

Neil ya sa tabarau. Wani ɗan zanen kifi ne, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, an karce shi da hannu.

"Alamar mutumin da ya yanka faifan ce," in ji Adrian. "A bugun farko kaɗai take. Kai ma ka sani, tare muka yi layi cikin ruwan sama muka saya, kai da ni da shi. Nasa ne. Ba wanda ya taɓa shi."

"To yaya aka yi bai..."

"Na ce maka ba wanda ya taɓa shi. Har da mai shi."

Neil ya cire tabarau. Adrian ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fito da jakar leda. A ciki fayafai uku ne, kowanne a kwalin waƙoƙin Kirsimeti. Ya zaro su ɗaya bayan ɗaya. Duka ukun Mai Laima ne, duka sun yi toka-toka kamar tsohon kwanon tuya.

"Na farkon Gavin ya cinye shi da saurare tun kafin a haifi 'yarsu. Ya zo nan da sassafe neman wani, kamar mai sayen abin kunya, ya ce na wata 'yar'uwar Lorraine ne. Da ya zo na biyu sai bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Wannan na ukun a kan garmaho na same shi ranar Talata. Na san kai za a aiko, shi ya sa na kwashe su."

"Shekara talatin yana zaginka a kansa."

"Bakinsa ne ya riga shi. Ya kushe faifan sau ɗaya a mashaya, 'yan mata suka yi dariya, ya kasa janyewa. Ka san Gavin, gara ya ci takalminsa da ya ce ya yi kuskure." Adrian ya fara mayar da su jaka. "Ka sa abin da ya ce yana so. A bar mutum ya tafi da girmansa."

"Adrian, ni..."

"Rufe min baki. Giyar yau a kanka take, har da ta gobe."

Neil ya ɗauki Mai Hayaƙi. Ya tuna abin da Lorraine ta ce a bakin ƙofar ɗakin katako. Sannan ya miƙa hannu.

"Ba ni na ukun ma."

"Allura na tsalle a waƙa ta biyu."

"Ba ni dai."

Ƙarfe uku da rabi kulob ya cika, ga burodi da naman alade a faranti, ga giya, tagogi sun yi gumi. Tun kafin mutane su zauna Wayne ya fara.

"Ku faɗa min faifai ɗaya da aka yi a kudu, can su Landan, wanda zai tsaya kusa da Mai Hayaƙi! Ɗaya tak! Masu ganga kamar suna tsoron su tashi maƙwabta."

"Naku kuma mawaƙin kamar an taka wa kare wutsiya," wani ya ce daga baya.

"Wutsiyar ubanka! Adrian, yau ba ka da ta cewa? Ina lauyan masu laima?"

"Yau hutu nake," in ji Adrian.

Neil ya je gaban garmaho, ya ba jama'a baya. Kwali biyu ne a jakarsa. Ya waiga sau ɗaya. Lorraine na zaune kusa da 'yarta, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ba ta taɓa farantinta ba, shi take kallo. Ya buga cokali a kofi, ɗakin ya yi tsit. Ya ɗora faifai, ya sauke allura.

Ƙas-ƙas ɗin tsohon faifai ya fara fitowa, sannan jita mai sanyi, a hankali.

Wayne ya miƙe rabi. "Kai, Neil, ai wannan..."

"Ƙa'ida," in ji Neil, bai ɗaga murya ba.

Wayne ya dubi Lorraine don ta shiga maganar. Ta riga ta rufe ido, leɓunanta na motsi tare da mawaƙin, kalma bayan kalma. Ya koma ya zauna.

Waƙa ta farko ta wuce. A ta biyu muryar Lorraine ta fito fili, siririya, wasu kuma suka kama bin ta ƙasa-ƙasa. Da aka zo tsakiyar amshi allura ta yi tsalle, ta haye rabin baiti. Lorraine ta haye tare da ita, ko gezau, domin a haka ta san waƙar ta bango. Murya ɗaya ce ba ta yi tsallen ba. Ta zarce ita kaɗai, katuwa, ta rera kalmomin da allura ta bari daidai wa daida, kafin ta farga ta ɗauke.

Kowa ya juya. Wayne ya dubi cikin kofinsa kamar wani abu ya faɗa ciki.

Neil ya nemi idon Adrian. Adrian na kallon silin, kamar mutumin da bai taɓa sayar wa kowa komai ba.