Tsintar Shinkafa a Gidan Kwano

Muniratu ta sauko daga bas a Gidan Kwano, bakin jami'a, tana gyara mayafi, faɗan da za ta yi yana bakinta tun daga Sauka Kahuta. Karatun injiniya ta turo 'yarta Kafayatu, ba wasan kwaikwayo ba. Jiya maƙwabciyarta Magdalina ta nuna mata yarinyar a waya, ta ɗaura zanin tsofaffi tana kai da kawo a gaban jama'a. Yau ko Kafayatu ta bar ƙungiyar wasan nan, ko ta tattara kayanta su koma gida.

Da ta isa zauren wasan, sai ta tarar har an fara. Wata ɗaliba a bakin ƙofa ta ce, "Mama, sai an tashi za ki gan ta. Ga kujera."

Ta ɗosana a bakin kujerar, zaman wadda ba zama ya kawo ta ba. Wani ya hau dandali ya yi sallama, ta amsa da ƙarfi ita kaɗai. Ɗalibai suka tuntsire da dariya, ta harare su. A ina aka taɓa barin sallama ba amsa?

Dattijon da ke kusa da ita ya raɗa mata cewa wasan ya girmi ɗaliban nan duka, yana sakandare ya fara ganinsa.

"To ka san ƙarshensa, me ya dawo da kai?"

"Kowa da yadda yake yin sa, Hajiya. Ki dai duba."

Ta kuwa duba, har da miƙa wuya. Gemun auduga ne a fuskar wani ɗan wasa, tana ganin zaren da aka ɗaure shi da shi, amma da mai gemun ya yi tari sai ta ji tausayinsa ya kama ta. Abin ya ɗaure mata kai.

Can sai ga Kafayatu da tire, ta zauna tana tsintar shinkafa. Mai gemu ya shigo ya tsuguna, ya ce mata mijinta ya rasu a hanya.

Muniratu ta jira ihu irin na fim. Shiru. Kafayatu ta ci gaba da tsinta, tsakuwa ɗaya, biyu. Sannan ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Haka Muniratu ta yi, sak, ranar da aka kawo mata labarin rasuwar mijinta Ndayako. Shekara goma sha biyar tana jin kunyar abin, don mata sun yi ta cewa ko hawaye ba ta yi ba. Kafayatu tana 'yar shekara biyar a lokacin, tana zaune a bakin ƙofa. Ashe kallo take yi.

Matar da ke gabanta ta goge ido ta ce, "Wayyo, wannan ta so mijinta."

Da aka tashi Kafayatu ta hango uwarta. Ta zo a tsorace ta durƙusa, farar hoda a gashinta.

"Nna, sannu da zuwa. Zan yi miki bayani."

"Tsintar nan, a rubuce take?"

"A'a. A takarda cewa aka yi ta faɗi tana kuka."

Muniratu ta karɓi tiren, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da yatsa.

"Roba," ta ce. "Nawa na ƙarfe ne, ana jin shinkafa tana gudu a kansa. Gobe ma kuna yi?"

"Ƙarfe biyu."

"Zan kawo miki shi."