Bakin Bututu na Bakwai

Ranar da za a sake tayar da injinan masana'antar, tun ƙarfe tara na safe Injiniya tana tsugune a ƙarƙashin babbar tukunyar tururi. Aikinta ne ta auna kaurin ƙarfen kowane bakin bututu da ke jikin tukunyar, ta sa hannu cewa zai jure matsi. Shida sun wuce lafiya. Na bakwai ne ya tsaya mata a wuya.

Bisa lissafi, bai kamata kaurin ya gaza milimita shida ba. Ta sama da gefe biyu ta samu bakwai da ɗoriya. Da ta kankare tsatsar da ke ƙasa ta ɗora na'urar awon kauri, sai ta ga huɗu da ɗigo takwas. Ta gwada na'urar a kan guntun ƙarfen da ta san kaurinsa, tana addu'ar a ce ita ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Ta sake aunawa har sau uku, lambar ba ta motsa ba.

Baba mai walda, wanda ya shekara talatin a wurin, ya leƙo ya ce, "Injiniya, ko kin samu ɗakin haya ne a nan ƙasa?"

Ba ta iya dariya ba. Ta ce, "Baba, don Allah kira min Manaja."

Manaja kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta, kuma shi ya tsaya mata har ta samu aikin. Ya zo yana duba agogo. Ta nuna masa lambar.

"Wuri ɗaya ne fa," in ji shi. "Ki haɗa duka huɗun ki raba, ai ya haura shida."

"Ranka ya daɗe, tururi ba ya rabawa. Inda ya fi sirara nan zai fasa."

Ya rage murya. "'Yar nan, motoci goma sha biyu ke jiran kaya a bakin ƙofa. Mako biyu kawai nake nema, sai a gyara."

Ta dubi bencin da ma'aikata ke zama lokacin hutu, taku biyar daga bututun.

"Kawu, ba zan iya ba. Ka yi haƙuri."

Manaja ya juya ga Baba ya ce, "Yanke shi mu gani." Ya tsaya can gefe ya goya hannu a baya.

Awa biyu aka yi ana yanka. Duk tsawon lokacin tana tsaye tana tunani. In aka buɗe aka tarar ƙarfen lafiya lau fa? Da wane ido za ta dubi mutanen nan, balle mahaifiyarta?

Da guntun ya faɗo, Baba ya juya shi ya yi salati. Ciki duk ramuka ne, tsatsa ta cinye shi. A wani lungu kusa da waldar da ta haɗa shi da tukunyar, inda kan na'urarta bai iya shiga ba, abin da ya rage bai kai milimita uku ba.

Manaja ya shafa ramin da yatsa, ya ce a sallami motocin, ya wuce ofis.

Baba ya ce, "Kin fita kunya, Injiniya."

Ita kuwa wani abu ta tuna. Sauran shidan da ta riga ta sa wa hannu, su ma ba ta kai ga irin wannan lungun a jikinsu ba. Ta yage takardun, ta aika a kawo mata ƙaramin kan na'ura daga sito, ta ja tsani ta koma kan na farko.