Wa Ke Shanye Cajin Baba?

Ranar da caji ya sake ƙarewa ana tsakiyar wankin ƙoda, Baba ya dawo gida ya wurga 'yar na'urar waƙarsa kan kujera, ya ce shi da asibitin nan sun gama.

Ni na saya masa ita. 'Yar mitsitsiya ce kamar kwalin ashana, na cika masa ita da tsofaffin waƙoƙin da yake so. Da ita yake jure doguwar kwanciyar nan da allurai a hannu. In ta mutu, sai ya koma kallon jininsa yana zagaye cikin roba, daga nan kuma sai faɗa da ma'aikatan jinya. Likita kuwa ya gaya mana ƙarara, fashin zuwa ɗaya ba ƙaramin haɗari ba ne.

Babu abin da ban yi ba. Na rage hasken fuskarta har sai ka ƙanƙance ido kafin ka ga rubutu. Na kashe duk wani abu da ke ci a ɓoye. Na canza waya, na canza kan caja. Yaya, wanda ko ƙwan fitila bai taɓa ɗaurawa ba, ya bugo waya yana ba ni umarni wai in sa ta a firji ta huce. Na kai wa mai gyara, ya sa sabon batir, ya bar ta tana waƙa a shagonsa tun safe har la'asar ba ta ko yi tari ba.

"Hajiya, kayanki lafiya lau," in ji shi. "A duba gida."

Raina ya ɓaci. Gidan me za a duba? Da hannuna nake jona ta a soket ɗin gefen gadon Baba, kuma duk safiya ina samun 'yar jar wutar tana ci.

Ana gobe zuwansa asibiti na dawo daga aiki da wuri, kaina na sarawa. Na jona ta, na zauna bakin ƙofa ina lallashin Baba, shi kuwa ya juya min ƙeya yana fuskantar bango. Sai ga Mama ta shigo da wankakkun kaya. Tana wucewa, ba ta ko sunkuya ba, ta sa babban yatsan ƙafa ta danne makunnin soket ɗin. Ƙit.

"Mama! Me kika yi yanzu?"

"Me na yi?"

"Kin kashe soket!"

"To in bar wuta tana ci a saitin kansa yana kwance? Ba kya jin yadda abin ke ɗumi? In zan yi shara da safe ai ina kunna masa."

"Tun yaushe kike haka?"

"Tun da kika kawo ta."

Na dafe kai. Duk yawon nan da na sha, da rashin kunyar da na yi wa mai gyara, ashe yatsan Mama ne. Na buɗe baki zan zazzage mata abin da ke cikina, sai na ga ta ajiye kayan, ta tsaya tana kallon Baba.

"Ciwon nan ba ni da yadda zan yi da shi," ta ce. "Gobara dai ba za ta ci min shi ina gidan nan ba."

Baba ya juyo a hankali. Ya dubi makunnin, ya dubi Mama.

"Ke," ya ce da ni, "kai abin nan ɗakinki ki jona. Ki kulle ƙofar, uwarki ba ta da amana." Ya ja bargo. "Kuma ki gaya wa direban da ke kai ni asibiti kada ya makara gobe."