Juye Daga Tsaye

Tun ranar da jak ya zame mota ta danne wa Mannir ƙugu, ya bar shiga ƙarƙashin mota. Hannunsa da kunnensa suna nan yadda aka san su, amma bakaniken da ba ya iya kwanciya ya kwance notin baƙin mai, wa zai kawo masa juyen mai? Direbobi suka koma wuce garejinsa na Ƙofar Kaura suna ɗago masa hannu daga nesa, irin gaisuwar da ba ta ɗora tukunya. Har ya fara tunanin rufe wurin.

Ana haka surukinsa ya aiko masa da wani abu daga Kaduna, tulun ƙarfe mai famfon hannu da siririn tiyo. A zura tiyon ta ramin sandar auna mai, a yi ta buga famfo, tsohon mai ya hauro da kansa, mutum yana tsaye. Ranar nan murna ta hana Mannir cin tuwo.

A makon ne soja za su miƙa mulki ga farar hula. Gari ya ɗauki harama, duk mai mota yana wanke ta. Sai ga Alhaji Ɗanliti na Gobarau, aminin marigayi mahaifinsa, ya kawo bas ɗin da zai kwashi mutanen unguwa zuwa wurin rantsar da gwamna.

"Mannir, ina kwana? Ina gajiya? Ya ƙarfin jiki? Ya mutan gida?"

"Lahiya lau, Alhaji. Jiki da sauƙi, mun gode Allah."

"An ce mani ka samo abin da ke shan mai ta sama. Ni kau na ce sai na gani da idona."

Kafin injin ya ɗumama an cika wurin, 'yan acaba da direbobi da kanikawan maƙwabta. Katsina ce, ba a gayyata zuwa kallo. Mannir ya jingine sandar da yake dogarawa, ya zura tiyo, ya kama famfo. Shiru. Ya ƙara bugawa, gumi na tsattsafo masa. Can sai ga baƙin mai ya biyo tiyo, baƙi ƙirin, yana gangarawa cikin tulu.

Wuri ya kaure da sowa. Wani ɗan acaba ya danna oda yana ihu, "Soja ya sauka, Mannir ya miƙe!" Mannir yana ta dariya don daɗi.

Amma ba a rasa mai zuba wa miya ruwa. Sule, bakaniken tsallaken titi wanda ya gaje masa direbobi, ya matso.

"Wanga wasa ne. Dauɗar mai ƙasa take kwanciya. A kwance noti mu gani, in ba abin da ya zubo, ni da kaina in sara mashi."

Mannir bai taɓa gwada abin a kan mota ba sai yau. In mai ya zubo a gaban jama'ar nan, garejinsa ya mutu ke nan. Ya ɗauki sifana, ya fara lalubar yadda zai durƙusa, ƙugun yana sukarsa.

Alhaji ya karɓe sifanar. "Motata ce, ni zan duba."

Ya cire hula ya miƙa wa na kusa. Dattijo guda, da farar shaddarsa, ya ja kwano ya shige ƙarƙashin bas, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Aka ji noti ya yi ƙara. Mannir yana ta salati a zuci.

Kwanon ne ya fara fitowa, Alhaji ya turo shi waje. Fes yake, ko ɗigo babu.

Ihun da aka yi ya fi na farko. Sule ya sara, ya sulale. Kafin Alhaji ya gama kakkaɓe jiki, direbobi sun fara jera motoci suna gardamar wanda ya riga wani.

Mannir yana zuba sabon mai Alhaji ya matso kusa da shi, ya gyara hannun rigarsa da ya naɗe a kafaɗa. Nan Mannir ya ga cikin naɗin ya jiƙe sharkaf, baƙi ƙirin. Ashe da hannun riga ya tare abin da ya zubo.

Idon Mannir ya ciko. Kunya da godiya suka kama shi.

"Alhaji, ai sai in gaya masu..."

"Gaya masu mi? Bai kai ludayi ba," in ji Alhaji ƙasa-ƙasa. "Tiyon ne ba ka tura ya taɓa ƙasa ba. Ka tura shi sosai a mota ta gaba, don ni dai riga ɗaya na zo da ita."