Farar Rigar Mai Kemis

Auta tana ajin ƙarshe a sakandare, aka ce mata makarantar jinya ta fi son wanda ya taɓa aikin sa kai. Shi ya kai ta shagon mai kemis, aiki kyauta, ladanta takardar shaida.

Ranar farko ya miƙa mata farar riga. "Sa, 'yata, ai ke ce likitarmu." Yarinya har da juyi gaban gilashi. Ba ta tambayi abin da ya hana shi sa rigar ba, balle dalilin da kujerarsa take jikin ƙofar baya.

Ya koya mata allura a jikin lemo, daga nan ya sakar mata mutane.

Wata safiya sai ga matar da Auta ta yi wa ɗanta allura, yaron a kafaɗa, ƙafarsa ta shanye tana reto. Maza na biye da ita, ba wanda ya yi sallama.

"Wa ya taɓa min yaro?"

Auta ta waiwaya. Kujera ba kowa, ƙofar baya a buɗe, shayinsa na tururi. Ta kai hannu kan maɓallin rigar, amma mazan sun riga sun cika ƙofar gaba.