Ranar Da Zuwairatu Ta Kira Ɗan Farinta

Shekarar da Maraɗawa suka matsa wa ƙasar Ruma da hari, dagacin Karare ya sa aka ƙara wa ganuwar gari tsawo. Ƙasar ginin kuwa a bayan gidan Marka aka haƙo ta, don nan jar ƙasa mai danƙo take. Maza suka yi ta haƙa duk rani har rami ya shanye tsayin mutum. Aka gama ganuwa, kowa ya yaba, ba wanda ya sake waiwayar ramin. Damina na sauka ya cika fal, ya zama kududdufi. Tsakaninsa da tsakar gida ba komai sai dangar kara, ita ma awaki sun riga sun yi mata ƙofofi.

Marka ce babba a gidan tun rasuwar mijinta, Malam Armaya'u. 'Ya'yanta maza uku gandu ɗaya suke nomawa. Autansu Sammani shi ya auro Zuwairatu daga Zakka, ta haifa masa namiji, aka mayar da sunan marigayi. To kunya ta zame wa yarinyar nan biyu: ga ɗan fari, ga sunan suruki. Gidan duk Maigandi ake ce wa yaron, amma ita ko wannan ba ta faɗa. In ta kama dole sai ta ce "yaron gidan nan", tana kallon ƙasa. Ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai har wata ta ɗaga shi. Haka ta ga uwarta ta yi da yayanta, kuma Marka na alfahari da hakan, har a bakin rijiya takan ce, "'Yar Zakka ta san ya kamata."

Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin Marka da kwana. Ita kuwa tsohuwa miji ta samu. Da safe za ka ji ta: "Maigandi, wane irin miji ne kai? Ba hatsi, ba zane, sai fitsari a shimfiɗa!" Shi kuma ya yi ta ƙyalƙyala dariya yana ja mata kunne.

Abin da ba wanda ya lura da shi, Zuwairatu ba ta taɓa ɓace wa yaron nan da wutsiyar ido ba. Tana daka tana sane da inda yake. Ita ta fara ganin ya gano kwaɗi. Sau biyu ta hango shi ya tura kai ta ɓular danga yana leƙen ruwa, sau biyu ta yi kamar za ta kori kaji, ta bi ta wajen ta taro shi da gefen ƙafa.

Wata safiya Sammani na ɗaure ƙotar fartanya, ta durƙusa ta aje masa kunu.

"Maigida, akuyar Inna na yawan fita ta dangar baya. Ina tsoron kada ta faɗa ruwa."

"Akuya? Ai akuya ta fi ki tsoron ruwa, Zuwaira."

"Da dai an sa ƙaya."

"Za a sa. Bari a gama maimain gona."

Ya shanye kununsa ya fita. Ta bi bayansa da harara. Mutumin kirki ne, sai dai in ba a fasa masa magana ba, ba ya ganin cikinta.

Ta gwada Marka. Tsohuwa na kaɗi a inuwar rumbu, Zuwairatu ta zauna tana cire mata gurya daga auduga.

"Inna, ruwan bayan nan ya kawo baki."

Marka ta dube ta ta ƙasan ido. Ita ta ji abin da ake nufi sarai.

"Na gani, ɗiyata. Mijina yana hannuna. Na raini tara, ba wanda ko ruwan ƙwarya ya ci."

Zuwairatu ta ce, "Haka ne, Inna." Ba ta ce lokacin gwiwoyin Inna na aiki ba, kuma lokacin babu rami.

Ranar gayyar maimai ta zo. Maza wajen ashirin suka tafi gonar gandu, mata maƙwabta suka cika gida ana girki. Turmi uku ke tashi, tukunyar tuwo biyu kan murhu, ga surutu, ga guɗa. Yara ƙanana na ta yawo tsakanin ƙafafu. Marka ta aje Maigandi kusa da faccalar Zuwairatu, Talatu matar babban wa, ta tafi ɗanɗana miya. Talatu ta ga ya nufi wajen tsohuwa Hansai maƙwabciya, ta ci gaba da tankaɗe. Hansai ta ba shi ɗan ƙanzo, ta ga ya yi wajen rumbu, ta ce ai wurin kakarsa ya nufa.

Zuwairatu ta sunkuya ta kwashe gari daga turmi. Da ta ɗago, gefen idonta bai same shi ba.

Ta duba gindin rumbu, babu. Ƙofar ɗakin Marka, babu. Ta duba danga, sai ga ɗan ƙanzon nan yashe a bakin ɓula. Surukarta na tsaye taki uku daga ita, maƙwabta sun kewaye ta, kowace ta san ta da kawaici. Ta buɗe baki za ta ce, "Ko wani ya ga yaron gidan nan?" Maganar ta yi mata tsawo. Ta yar da ƙwaryar gari ta keta danga da ƙirji.

Yana can kan gangaren, ya durƙusa, ya miƙa hannu ga wani ƙaton kwaɗo.

"Armaya'u!"

Sunan da aka shekara shida ana kauce masa a gidan ya tashi har bayan ganuwa. Turame suka tsaya cak. Yaro kuwa ko waiwaye bai yi ba, don tun ranar suna ba wanda ya taɓa kiransa haka. Ya ƙara miƙa hannu, laka ta zame da shi, ruwa ya rufe kansa.

Zuwairatu ba ta iya ruwa ba. Bai hana ta afkawa ba. Ta lalubo, hannunta ya kama ƙafa, ta cira shi sama bisa kanta. Ruwa ya kawo mata haɓa, ƙafafunta na nutsewa cikin taɓo, gangaren kuwa santsi kamar an shafa mai. Mata suka iso da kururuwa, biyu har sun fara ɗaure zane za su faɗa.

"Kada wadda ta shiga!" Muryar Marka ce, tana tafe tana dafa danga. "Gawa nawa kuke so in wanke? Talatu, tabarya! Kwanta rubda ciki, ku kuma ku riƙe ƙafafunta!"

Talatu ta kwanta ta miƙa tabarya. Zuwairatu ta maƙale yaron a kafaɗa, ta kama da hannu ɗaya. Mata huɗu suka ja Talatu, Talatu ta ja tabarya, har suka fito gaci, duk jar laka.

Yaron ya yi laƙwas. Marka ta kifa shi bisa cinya ta bubbuga bayansa. Sai ya yi tari, ya amayo ruwa, ya tsala ihu. Zuwairatu ta fizge shi daga hannun surukarta, ta rungume, tana shafa kansa, tana duba kunne da hanci, tana kiran sunan nan, tana sake kira. Sai da ihunsa ya koma shessheƙa ta ji shirun da aka yi. Ta ɗaga kai, mata goma sha suna kallonta. Ta aje shi a ƙasa da sauri, ta ja mayafin da ba ta da shi, ta rufe fuska da tafin hannu.

Hansai ta taɓe baki. "Ikon Allah. Mu a zamaninmu..."

"Ke a zamaninki," Marka ta katse ta, "kin binne Yero, ɗan farinki. Rijiya ya faɗa kina kallon gabas don kawaici, ni na kama ki ranar. Allah Ya jiƙansa. Bar yarinya ta huta."

Idon Hansai ya kawo ruwa. Can ta ce, "Amin."

Talatu ta miƙe tana karkaɗe laka, ta ce, "Ni dai yau na san 'yar Zakka na da murya. Wallahi na ɗauka Maraɗawa ne suka hauro."

Aka fashe da dariya, har mai kuka.

Marka ba ta yi dariyar ba. Mace ce da ba ta manta alheri, ba ta kuma manta laifi, ko da nata ne. Ta ce, "Ɗiyata, kin gaya mani, na ji, na yi girman kai. Wannan laifin nawa ne." Ta juya ga sauran. "A rufe tukwane. Ko loma ba za ta je gona ba. Talatu, je ki ce wa mazan nan su suka haƙa ramin. Kowa ya zo da gatari da ƙayar magarya. In an kewaye, a ci tuwo."

Haka kuwa aka yi. Kafin la'asar ƙarti ashirin da yunwa a ciki suka ja shinge kewaye da kududdufi, suka bar 'yar ƙofa guda mai asabari don masu ɗiban ruwan wanki. Marka ta zauna kan turmi tana nuna inda aka yi ha'inci da sandarta. A nan ta yanke cewa daga yau, duk ranar aiki, mace ɗaya za ta zauna da ƙanana ƙarƙashin tsamiya, ba daka ba tankaɗe, aikinta ido kawai, kuma kullum a faɗi sunanta da safe kowa ya ji.

Saura maganar Zuwairatu, wadda tun ɗazu ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Marka ta sa aka kira ta gaban mata da maza. Ta zo ta durƙusa, kai a ƙasa.

"Wannan miji nawa ya fi ƙarfina," in ji Marka. "Gwiwata ba ta cim masa. Ke, 'yar Zakka, na ba ki jiransa. Ba ɗanki na ba ki ba, ke ina ruwanki da ɗan fari? Mijina na ba ki amana. Ki dube shi da ido biyu, ki kira shi in ya yi nisa. Wadda ta ga rashin kunya a ciki, ta zo ta same ni."

Ba wadda ta zo.

Da yamma Sammani ya zauna ƙofar ɗaki, tafin hannunsa duk ƙaya. Zuwairatu ta ɗauko allura tana cire masa.

"Ashe akuyar nan da kika ce..."

"Miƙe hannun, Maigida."

"Mai ƙafa biyu ce."

Ta soka allurar da ɗan ƙarfi, ya ce wash. Can tsakar gida Maigandi ya sauko daga cinyar kakarsa, ya doshi dangar baya da ɗan gudunsa. Gida cike da mutane. Zuwairatu ta ɗaga kai ta dube shi sosai.

"Maigandi. Dawo nan."

Ya tsaya, ya juyo yana neman mai muryar. Da ya gane, sai ya taho da gudu ya faɗa mata a cinya, allura ta faɗi cikin ƙasa, aka yi ta nema ba a gani ba.