Harami Daga Masaƙar Mata

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, a shekarar ce Allah ya kira mijina Makka. Duk Gwammaja ana ta musun jam'iyya, wannan ya ce tasa ce ta talaka, wancan ya ce ƙarya ne, mu kuwa a gidanmu ba abin da ake ji sai ƙarar turmi. Yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, dambun nama, duk na ƙulla na jera a akwatin ƙarfe, don an ce mini a ƙasar Larabawa ba a san tuwo ba, ga rana kamar ta gasa mutum. Babban ɗanmu, wanda ba na kama sunansa, shi ya biya kujerar, shi kuma ya yi ta zirga-zirga da uban wajen allura da hoton fasfo.

Malam, mijin nawa, masaƙi ne, ɗan masaƙi, jikan masaƙi. Ku tambaya daga Ƙofar Ruwa har Gwale, ba wanda bai san farinsa ba. Abin da yake tinƙaho da shi a duniya guda ne: tun da aka haife shi yadin kanti bai taɓa taɓa fatarsa ba. Riga, wando, mayafi, duk daga masaƙarsa suke fitowa. Saboda haka da zancen tafiya ya tabbata, bai yi shawara da kowa ba ya yi wadari, wato ya ja zaren saƙa, a bakin lungu, ya zauna saƙa haramin da zai ɗaura.

To, saƙar maza siririya ce, faɗinta bai wuce yatsu huɗu ba, sai an jera an haɗa da allura take zama zane. Haka ya yi. Ya saƙa, ya haɗa da hannunsa, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Wallahi ban taɓa ganin fari mai kyan wannan ba. Ya naɗe shi ya rataya a kafaɗa ya tafi wajen bita, inda ake koya wa maniyyata aikin Hajji, yana tafiya kamar an ba shi sarauta.

Bai daɗe ba ya dawo, ko sallama bai yi da ƙarfi ba.

"Malam, lafiya?" na ce.

Ya jefa farin a kan tabarma. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinsa. Wai yana warware shi a gaban mutane, sai Audu mai gishiri, uban 'yan surutu, ya ɗaga shi sama ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga harami mai ɗinki!" Aka kwashe da dariya. Malam Ashafa, mai koyar da su, ya tsawatar, ya ce abin da aka hana shi ne riga da wando, abin da aka ɗinka daidai jikin mutum, wannan kam babu laifi a ɗaura shi.

"To ai shi ke nan," na ce. "Malami ya yanke magana."

"Ya yanke tasa," in ji shi. "Ni abin ya riga ya shiga raina. Ba zan tsaya a Arfa ina lalubar ɗinki ina tunanin ko an karɓa ko ba a karɓa ba."

Washegari babban ɗan namu ya shiga Kantin Kwari ya sayo tawul fari guda biyu irin wanda kowa yake ɗaurawa. Uban ya dube su kamar an kawo masa mushe. Ya ce in dai sai da wannan, a ba wani kujerar, shi ya haƙura. Kuma na san shi, ba wasa yake ba. Ya daina cin abinci sosai, ya zauna a zaure ya yi tagumi, ga jirginsu saura kwanaki kaɗan.

Ni ma fa masaƙiya ce, kada ku ɗauka a banza nake zaune. A Gwale na koya wajen kakata, saƙar mata, wadda ake kafawa a jikin bango, mai faɗi, a buga da akwasha, katakon danne zare, ta fito zane guda ba sai an haɗa ba. Tun ina amarya nake saƙa majanyi da gwado a cikin gidan nan, amma bawan Allahn nan bai taɓa tsayawa ya duba ba. In ya wuce sai ya ce, "Ana ta wasan yara?" Na haɗiye wannan maganar har furfura ta fito mini.

Ran nan na kai masa fura zaure na durƙusa. "Malam, tawa masaƙar ai ba ta bukatar allura. Bari in saƙa maka."

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. "Ke Hauwa, majanyi zan ɗaura a gaban Ka'aba?"

Kai! Na ji maganar nan har tsakiyar kaina. Na ɗauke furata, ban bar masa ko kurɓi ɗaya ba. Na shiga gida ina huci na ce da 'yata Zaituna, "Je ki kira min 'Yardada, ki ce ta zo da mazarinta." 'Yardada maƙwabciyata ce, aminiyata, duk unguwar ba mai kaɗin zare irinta.

Ta shigo tana gyara mayafi. Da na gaya mata, ta tafa hannu. "Majanyi ya ce? Shi da aka goya shi da majanyin? Kawo audugar nan."

Kafin la'asar tsakar gidana ta cika da mata, kowa da mazarinta da ɗan allinta. Masu shiɓa na shiɓa, masu kaɗi na kaɗi, ana ta yi wa Malam tsiya a hankali don kada ya jiyo. Na sa aka ciro mini azara mai tsawo aka kafa masaƙa mai faɗin da ban taɓa yi ba, sai na matsa daga wannan gefe zuwa wancan kafin zare ya ƙetare. Allah ma ya taimake ni Malam gajere ne, da dogo ne da na shiga uku.

Amma fa abin ya ƙi ni. Faɗin ya yi yawa, tsakiya ta ɗaure, gefen hagu ya saki. In na ja sai zare ya tsinke, in na ƙulla wannan wancan ya tafi. Kafaɗata kamar za ta cire. Na saƙa na warware, na sake saƙawa na sake warwarewa. Rana ta uku da hantsi na zauna a gaban masaƙar, hawayen takaici ya zubo mini, don na fara ganin maganarsa za ta tabbata, kuma kujerar Makka za ta tafi a kan taurin kanmu mu biyu.

Sai na ji gyaran murya a bayana. Matan nan suka ja mayafi.

"Tun shekaranjiya nake jin bugun akwasharki daga zaure," in ji Malam, yana kallon bango ba ni ba. "Bugun ba daidai yake ba. Yana hana ni sakat."

"To toshe kunnenka," na ce. "Wasan yara ne."

Ya matso ya sa yatsa ya taɓa zaren ɗaya bayan ɗaya, daga dama har hagu. Sannan mutumin nan, da girmansa da gemunsa, ya tattare riga ya tsuguna a gaban masaƙar mata, a gaban matan unguwa, ya kwance gefen da ya saki ya shiga ɗaurewa. 'Yardada ta dube ni, na dube ta, ta cusa bakin mayafi a baki don kada dariya ta ƙwace mata.

"Buga in gani," ya ce.

Na buga. Zare ya kwanta lif.

Ya tsaya yana kallon hannuna yadda nake ɗaga zare in zura in buga. Can ya ce, "Ashe ba ƙafa a ciki, duk da hannu kuke yi?"

"Yau ka sani?"

Daga ranar, shi ke ja mini zare ni ke saƙa. Zane na biyun ma shi ya yi wadarinsa da kansa. Audu mai gishiri ya leƙo zaure nemansa, Zaituna ta ce yana ciki yana taya Inna aiki, kafin azahar labari ya kai Ƙofar Ruwa. Malam kuwa ko a jikinsa. Ana gobe za su shiga sansanin alhazai na yanke na ƙarshe daga masaƙa, na wanke, na shanya a igiya. Zane biyu, fari tas, ba inda allura ta shiga. Gefe ɗaya ya ɗan karkace, ni na san wurin, shi ma na san ya gani, bai kuwa ce uffan ba.

Da safe lungunmu ya cika da 'yan rakiya. Ya bi gida gida ya nemi gafara kamar yadda ake yi, ya dawo ƙofar gida aka yi addu'a. Ina daga bayan ƙyauren zaure ina leƙe. Sai ga Audu, shi ma da akwatinsa, bakin nan nasa bai mutu ba.

"Malam, ka dai sayi tawul ɗin ko?"

Malam ya buɗe akwati ya ciro zanen ya warware shi a gaban kowa. "Nemo ɗinki," ya ce. Audu ya juya, ya ɗaga, ya duba ta rana, bai samu ba. Malam Ashafa ya shafa ya ce, "Masha Allah, wannan wane masaƙi ne?"

"Masaƙiya dai," in ji Malam, da ƙarfi yadda na ciki za su ji. "Saƙar Nana Hauwa ce, mai ɗakina. Ni ja mata zare kawai na yi."

'Yardada ta rangaɗa guɗa a kunnena har sai da na dafe bango. Ni kam na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji kaina ya kai rufin soro.

Da aka fara sa kaya a mota ya shigo zaure da akwatinsa don ya yi mini sallama, ya buɗe zai mayar da zanen. Na hango farinsa na farko, mai ɗinkin, a naɗe a ƙasan akwati.

"Wannan kuma fa? Ka ce ba za ka ɗaura ba."

"Zan wanko shi a Zamzam," ya ce. "Likkafanina ne. Ki adana mini shi in na dawo." Ya dafa wanda na saƙa. "Nawa sai na mutu za a sa mini, Hauwa. Naki ne zan tsaya da shi a gaban Ubangiji da ƙafafuna."

Na kawar da kai ina gyara mayafina. Sai kawai na ce ya kula da gefen da ya karkace, ya sa shi ta ciki.

"Ta waje zan sa shi," ya ce, ya ɗauki butarsa ya fita.